Ɗabaƙoƙin Ma'abota Furojet

Duk magidancin da ke zaune a Unguwar Hajji, ko Kurugu, ko Tudun Kaya, ko can Zarewa da Fulatan a ƙasar Rogo, in dai Allah ya ba shi ɗa mai karatu, ya san cewa bayan kuɗin taki da kuɗin aure akwai wani kuɗi na uku da ya shigo lissafi a wannan zamani, wanda kakanninmu suka ƙare rayuwarsu lafiya ba su ji sunansa ba, shi ne kuɗin furojet. Bayaninsa kuwa shi ne, yaron da ya tafi karatun injiniya, ko a Jami'ar Bayero da ke kan hanyar Gwarzo, ko a ta Wudil, ko a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ba a ba shi shahada bayan shekara biyar ɗin karatun sai ya zaɓi wata mas'ala, ya ƙera wani abu da zai warware ta, ya rubuta kundi mai babi biyar a kan yadda ya yi, sa'an nan ya tsaya gaban malamai ya kare abin da ya rubuta. Tun da ƙarfe ba ya zuwa sadaka, sai a bugo waya gida, a buɗe rumbu. Saboda haka na ga ya kamata waɗanda ke biyan kuɗin su san irin mutanen da suke ɗaukar nauyi, domin ma'abota wannan aiki ɗabaƙa-ɗabaƙa ne.

Na farkonsu shi ne Mai Dogon Buri, kuma a lokacin zaɓen take ake gane shi. Wannan ya taɓa hawa kan madatsar ruwan Challawa da ke nan ƙasar Karaye, wadda aka kammala a 1992, ya ji an ce tsayinta mita 42 ne, tsawonta ya kusa kilomita 8, tun daga ranar kuwa bai sake barci mai daɗi ba, har sai da ya kai wa malaminsa takarda cewa shi niyyarsa ya fitar da wutar lantarki daga ruwan nan wadda za ta haskaka Karaye da Rogo baki ɗaya, in ta yi saura a ɗan taimaka wa Kiru. In malamin ya tambaye shi nawa ya tanada, sai a tarar abin da ke aljihunsa bai kai kuɗin buhu biyu na masara ba. Hujjarsa kullum ita ce Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero da ya haɗa jirgi mai saukar ungulu a Kano da injin tsohuwar mota ƙirar Honda, har labarinsa ya kewaya duniya a 2007. Abin da ba ya ambata shi ne watannin da wancan ya kwashe yana haɗa tarkace ɗaya bayan ɗaya. Burin nan yakan yi ta ramewa daga wata zuwa wata, har ranar ƙarshe a ga an shigo da baho, da ɗan famfo, da ƙwan fitila guda ɗaya mai kyaftawa. Take dai bai canza ba, yana nan da Karaye da Rogo a cikinsa.

Bayansa sai Muƙallidi, wanda ya yi imani cewa an rufe ƙofar ijtihadi a fannin injin casar masara tun kafin a haife shi, don haka abin da ya rage wa na baya shi ne bin magabata sau da ƙafa. Yakan samo kundin wani da ya gama shekarun baya, ya kai shagon kwamfuta, a sauya suna da shekara da launin bango. Da a ce yana kawo isnadi, ya ce na karɓa daga wane, shi kuma daga wane, da malaman hadisi ma sun yi masa uzuri. Amma shi tadlisi yake yi, ya ɓoye shehinsa. Abin da ke tona masa asiri ba lissafi ba ne, domin lissafin an gaje shi da kurakuransa cif, sai shafin sadaukarwa, inda za ka ga ya sadaukar da aikin ga marigayi mahaifinsa, alhali mahaifin yana Unguwar Hajji da ransa da lafiyarsa, shi ne ma ya sayar da rago aka biya kuɗin ɗaurin kundin.

Inda abin ya fi armashi shi ne in aka haɗa ɗalibai biyar ko shida a kan aiki ɗaya saboda tsadar kaya, domin nan take sukan yi ijma'i cewa furojet farilla ce ta kifaya, in ɗaya ya tsaya da ita ta faɗi a kan saura. A cikinsu akwai Ma'aji, wanda ke karɓar karo-karo, ya tafi Kasuwar Ƙofar Ruwa sayen ƙarfe ya dawo da rasit mai ɗauke da kuɗin mota, da kuɗin ɗan dako, da wani abu wai shi "sauransu" wanda ya fi ƙarfen tsada. Akwai Ɗan Rakiya, wanda ba a taɓa ganin ƙeyarsa a ɗakin aiki ba, kullum an yi masa rasuwa ko ana bikin ƙanwarsa, amma ranar ɗaukar hoto shi ne ke dafe da injin, riƙe da sifana a hannun da bai san kamun ta ba. Akwai kuma Sarkin Baki, wanda bai ɗaura ko noti ɗaya ba, amma Allah ya hore masa Turanci, shi ya sa 'yan uwansa ke lallaɓa shi kamar ƙwai saboda ranar tsayuwa gaban malamai.

Amma wanda na fi so mai karatu ya tsaya ya duba da kyau shi ne Mai Wakilci. Wannan a shekara ta huɗu an tura shi koyon aiki na wata shida a ƙarƙashin shirin SIWES, wanda hukumar ITF da aka kafa a 1971 ke kula da shi, musamman domin hannunsa ya saba da ƙarfe; ya tafi, ya cika littafin rahoto da kyakkyawan rubutu, ya dawo tafin hannunsa sumul. Da lokacin ƙira ya zo, sai ya naɗe zanensa ya nufi rumfar wani mai walda, dattijon da bai taɓa shiga aji ba amma ya yi shekara da shekaru yana haɗa injunan niƙa. Dattijon ya buɗe takardar, ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya ce, "Samari, wannan shaf ɗin naka in na yi shi yadda ka zana, ranar farko zai lanƙwashe, kuma boris mai wannan lamba babu shi a kasuwa. Ka bar mini, ka dawo ran Laraba." Yaro ya ce, "To Baba, yadda kuka gani." Ran Laraba ya dawo ya tarar da inji tsaf, an shafe shi da koren fenti, yana aiki, sai dai tsakaninsa da zanen babu ko dangantakar nesa. Maimakon ya zauna ya tambayi dattijon dalilin kowane sauyi, wanda da shi ne darasi mafi tsada da zai samu a shekara biyar, sai ya koma ɗaki ya yi ta murɗa lissafi har ya dace da abin da aka ƙera. A shafin godiya za ka ga sunan shugaban sashe, da na abokai, da na wadda ake nema da aure, mai walda kuwa ko tari ba a yi da shi ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Malaman da ke duba aikin su ma ba a rasa nasu ɗabi'un, ko da yake ladabi ya hana a tsawaita. Akwai ma'abocin jan biro, wanda zai mayar maka da babi na ɗaya sau da yawa saboda waƙafi da aya, bai kuwa taɓa leƙa injin ba. Akwai kuma wanda ganinsa ya fi ganin jinjirin watan Shawwal wuya, ɗalibai su yi ta tsaron ƙofar ofishinsa, wani ya rantse ya hango motarsa, wani ya ce ba a tabbatar ba. Adalci dai shi ne a faɗa cewa mutum ɗaya ne aka ɗora wa ɗalibai masu yawa, ga darasi ga jarrabawa, kuma a cikinsu akwai waɗanda ke tuɓe babbar riga su tsuguna a gaban inji har magariba.

Babi na huɗu, wato na sakamakon gwaji, shi ne ma'aunin imanin ɗalibi, kuma a nan ne Mai Ilhama ke bayyana. Ƙa'idar gwada injin casa ba ɓoyayya ba ce: a auna masara da totuwarta, a zuba, a duba agogo, a auna ƙwayar da ta fita, da wadda ta maƙale a jikin totuwa, da wadda ta farfashe, a rubuta yawan danshin masarar domin ɗanya da busasshiya ba hukuncinsu ɗaya ba, sa'an nan a maimaita. Mai Ilhama ba ya bukatar sikeli. Yakan kishingiɗa bayan sallar isha, alƙaluma su riƙa sauko masa, har ya rubuta cewa ingancin injinsa kashi 104 ne cikin 100, ma'ana an zuba masara tiya ɗari an kwashi ɗari da huɗu, abin da in ya tabbata ya fita daga babin handasa ya shiga babin karama. Ina ma irin wannan zai san labarin Aljazari, injiniyan sarakunan Diyarbakir, wanda ya kammala littafinsa a 1206, ya siffanta na'urori hamsin, da agogunan ruwa da injunan ɗago ruwa daga kogi, kowace da zanenta da bayanin haɗa ta daki-daki, har masana na wannan zamani suka bi bayanin suka sake ƙera wasu daga ciki. Kundin da ba za a iya bin sa a sake ƙera abin ba, a ganina tatsuniya ce aka yi wa bango mai tauri.

Ranar kare aiki duk waɗannan sukan hallara sanye da kwat ɗin aro, ga baƙon malami da aka gayyato daga wata jami'a yana zaune yana juya shafuka. A ja igiyar janareta, inji ya yi tari sau biyu, bel ya zame, ɗaki ya yi tsit, sai ka ji kalmar da kowane zamani na ɗalibai ke gadar wa na bayansa: "Wallahi Yallaɓai, jiya ya yi aiki." In kuwa Allah ya sa ya tashi, sai baƙon ya tambayi Mai Wakilci, tun da motar lantarkin tana juyi 1,440 a minti ɗaya, me ya sa ya zaɓi fuli mai wannan faɗi, kuma juyi nawa ke isa ga gangar casa. Amsa ta gaskiya ita ce wannan fulin ne ke rataye a rumfar mai walda ran Talata, amma ba ta faɗuwa, sai a juya ana kallon Sarkin Baki, shi kuma ya shiga bayani mai daɗi a kan muhimmancin noma ga tattalin arzikin ƙasa.

A gida kuwa akwai wata ɗabaƙa da ba ta cikin rajistar makaranta, ita ce ta Uban Furojet, wanda tun da aka ce masa injin casar masara ake ƙerawa ya sanar da majalisa cewa bana ba zai yi hayar inji ba. Kaka ta yi, yaro ya dawo da kundi baƙi mai rubutun zinariya, uban ya karɓa da hannu biyu, ya shafa bangon, ya sa albarka, sa'an nan ya ce, "To ina injin?" Yaro ya ce, "Baba, ai na makaranta ne, can ake barin sa." Tsoho ya yi shiru, ya dubi rumbu, ya ce, "Ikon Allah. In ba ƙira, me ya ci gawayi?" Injin kuwa yana can a barandar sashe tare da 'yan uwansa na shekarun baya, ƙura ta rufe su, ƙadangaru na shan hantsi a kansu.

Na ƙarshe ba ya cika ido, shi ya sa na jinkirta shi, kuma sau da yawa ma mace ce. Wannan ya zo hutu ya zauna wajen masu dafa mazarƙwaila a ƙasar Rogo, ya lura da yawan ruwan da ke saura a jikin rake bayan an matse, ko kuwa ya ga tumatir da barkono shanye a ƙasa iska na yi musu yayyafin ƙasa, ya ɗauki wannan ƙaramar mas'ala ita kaɗai. Ya tambayi masu sana'ar nawa za su iya biya, ya zana abin da maƙerin garinsu zai iya gyarawa in ya lalace, ya ƙona yatsunsa wajen walda, ya gwada, ya rubuta a babi na huɗu cewa gwajin farko bai yi ba, ga dalili, na biyu ya ɗan fi, ga alƙaluman yadda sikeli ya nuna su. Ba lalle ne makinsa ya kai na Sarkin Baki ba, domin gaskiya ba ta da ƙyalli a gaban kwamiti, amma shi kaɗai ne zan yarda in tsaya a ƙarƙashin tankin ruwan da ya kafa bayan hukumar COREN ta yi masa rajista.

Saboda haka, ya ku iyayen yara na Unguwar Hajji da kewaye, in waya ta zo bana ana neman kuɗin furojet, ku bayar, domin wajibi ne, amma kafin a buɗe rumbu ku tambayi yaron abu uku: wace damuwa ta garin nan abin zai magance, wane ne zai riƙe ƙarfen walda, kuma yaushe za a kawo shi a gwada da masararku a gaban jama'a. In ya fara amsawa da Turanci, ku ce ya maimaita da Hausa.