Yadda Ake Kai Amarya Daga Gwanzu Zuwa Kano Ba 'Yan Rakiya

Wannan rubutu na waɗanda suka riga suka sha ne. Idan har yanzu kana matakin leƙa shagon da yarinyar take aiki a Xiaobei kana tambayar kuɗin kayan da ba ka da niyyar saye, ajiye shi sai lokacinka ya yi. Da kai nake, wanda ya zauna gaban surukai a Lanzhou ko Linxia ya sha shayi har cikinsa ya ɗauka, limamin unguwarsu ya ɗaura aure, ofishin gwamnati ya ba ku jajayen littattafan nan guda biyu, aka kai su aka fassara, aka buga hatimi, aka kai wani ofishin ya buga hatimi a kan hatimin. Bizar matar ɗan ƙasa ta fito, ga ta manne a fasfo. Kai kuma taka bizar ta ƙare ka dawo Kano, kwantenarka tana Legas tana cin kuɗin ajiya. Abin da ya rage shi ne yarinyar da ba ta taɓa fita ƙasarsu ba, ba ta jin Hausa, Turancinta bai wuce na ciniki ba, za ta keto rabin duniya ita kaɗai.

A nan gida ko daga Fagge zuwa Gwammaja za a kai amarya, sai an cika motoci da gwaggwanni da ƙawaye, wannan ta riƙe mata hannu, waccan ta gyara mata mayafi, wata tana raɗa mata ƙafar da za ta fara shiga da ita. Ita wannan ba ta da ko ɗaya daga cikinsu. Aikin matan nan gaba ɗaya ya faɗo kanka, kuma ta waya za ka yi shi.

Na ɗaya: agogo. Sin tana gaban Najeriya da awa 7, saboda haka lokacin da ta tashi da safe da tambayoyinta cike da baki, kai ƙarfe ɗayan dare ne a wajenka. Ka amsa, kada ka nuna gajiya, fargaba ce ke sa ta kira. Amma inda agogo ke kayar da mutane a kan tikiti ne. Idan an rubuta jirgi zai tashi 00:30 ranar Talata, to daren Litinin za ta kasance a filin jirgin Baiyun. Ka faɗa mata, ka faɗa wa mahaifinta, ka faɗa wa yayan da zai tuƙo mota, domin kowannensu yana iya kallon kalmar Talata ya kwanta da kwanciyar hankali. Sannan kowane lokaci da ke kan tikitin na garin da aka ambata ne. Adis Ababa, inda za ta canza jirgi, tana bayan Sin da awa 5, Kano tana bayan Adis da awa 2. Ka rubuta mata su a jere, kada ta tsaya lissafi a tsakiyar filin jirgi da idanu jajaye.

Na biyu: katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawan nan. Ba ya aiki sai allurar ta kwana 10, kuma a Sin ba kowane asibiti ke yin ta ba, cibiyoyin lafiyar matafiya ne. Kada a sayi tikiti kafin a yi ta. Ka haɗa shi wuri guda da fasfo, da jan littafin aure da fassararsa, da kwafin fasfonka, da katin sauka da ake cikewa a intanet tun Mayun 2025. Duka a buga a takarda, a sa a jakar da take ratayawa. Mai tafiya da tikitin zuwa kaɗai za a tambaye ta dalili tun a wajen auna kaya, za a sake tambayarta wajen fita, kuma amsar da ta fi kowace ƙarfi ita ce ta zaro takarda ta miƙa.

Na uku: akwatuna. Galibi biyu ake ba mutum a wannan hanya, kowanne kilo 23. Kilo 46 ke nan, a ciki za ta zuba rayuwarta gaba ɗaya. Za ta sa tukunyar shinkafa ta lantarki, kuma ka bar ta, wutarsu 220 ce, za ta yi aiki a Kano idan an kawo, adafta kawai za ka nema don bakin soket ɗinmu daban ne. Za ta sa kaskon suyarta, da ganyen shayi, da yajin nan na Sichuan mai kashe harshe. Mahaifiyarta za ta cusa bargo mai nauyin jariri don ba ta yarda akwai ƙasar da ba a sanyi ba, kuma kada ka yi gardama, ranar da hunturu ya sauko da asuba kai za ka fara jawo shi.

Sai dai ba ku kaɗai kuka san da kilo 46 ɗin nan ba. Kantin Kwari ta sani. Farm Centre ta sani. Ban san wanda ke yaɗa labarin ba, amma daga ranar da aka sayi tikiti wayarka ba za ta huta ba. "Alhaji, na ji madam za ta taho. Wani ɗan saƙo ne, bai kai komai ba." Ɗan saƙon gilasan waya ne guda ɗari biyu. Wani samfurin leshi ne, wani kan injin ɗinki, wani takalman yara "ƙafa shida kawai", wani kuma ƙulli ne da aka naɗe da salatif baƙi har sau bakwai, mai shi da kansa yana cewa bai tabbatar da abin da ke ciki ba, na abokinsa ne. Akwai wanda rabonka da shi tun makarantar allo, sai ga shi da gaisuwa mai tsawo, ya tambayi Hajiya, ya tambayi ƙafarta, ya yi addu'ar zuri'a ɗayyiba, sannan ya ce yaronsa yana Sanyuanli zai kai mata kayan har gida. Har gida! Ya ma riga ya samo adireshin.

Ku ji tsoron Allah, jama'a. Yarinya ce za ta bar uwa da uba, ta cire rigunanta da hotunan gidansu daga akwati don cajojinku su samu wuri? Ga kamfanonin kago nan birjik a Gwanzu, kowa ya san farashin kilo, kowa ya san kwana nawa kaya ke yi. Abin da kuke gudu kuɗin ne, shi ya sa kuke so ku ɗora wa baƙuwa. Kuma idan jami'i ya tambaye ta ko ita ta haɗa kayanta da hannunta, me za ta ce? Idan kwastan suka buɗe suka ga gilasai ɗari biyu, wa zai yarda na amfanin gida ne? Idan ƙullin baƙin salatif ɗin nan ya zamo abin da dukanmu muke tsoro, a ƙasar da ake yanke hukuncin kisa a kan fataucin ƙwaya, mai saƙon zai kashe wayarsa, ita ce za ta tsaya ba ta da bakin kare kanta. Wannan magana tana ƙona mini rai ƙwarai. Amsa ɗaya ce ga kowa, har da ɗan uwanka uwa ɗaya uba ɗaya: ba ta karɓar saƙo. Za a ce ka canza tun da ka auri farar mace. A ce. Ka koya mata ita ma ta ce mijinta ya hana, ta ɗora laifin a kanka, abin da kake wurin don shi ke nan.

Na huɗu, ko na biyar, duk ɗaya: fawa bank. Ba ya shiga akwatin da ake aunawa, a hannu ake riƙe shi, kuma dole rubutun ƙarfinsa ya fito sarai a jikinsa, bai wuce 100Wh ba. Idan za ta fara hawa jirgin cikin gida daga garinsu zuwa Gwanzu, tun 28 ga Yunin 2025 wanda ba shi da tambarin CCC ba ya wucewa. Laita da ashana kuwa ko a hannu ko a akwati ba a yarda ba. Filas ɗin ruwan zafinta, wanda ba ta rabuwa da shi ko a watan Afrilu, ta zubar da ruwan kafin bincike, ta sake cikawa a ciki, filayen jirginsu akwai injin ruwan zafi. Kada ka yi mata dariya a kan filas ɗin nan. Za a yi awa goma da wani abu ana miƙo mata ruwan sanyi, shi ne kaɗai abin da ya saba da cikinta. Ka nema mata abincin Musulmi tun wajen sayen tikiti, ka bar ta ta sa taliyar kofi ɗaya ko biyu a jaka.

Waya kuma wata duniya ce. Mutuniyar nan ta yi shekaru ba ta taɓa takardar kuɗi ba, daga kuɗin tasi har na albasa da WeChat ko Alipay take biya. Da jirgi ya sauka Adis wannan sarautar ta ƙare. Ta riƙe daloli ƙanana a aljihu. Dokar ƙasarsu ba ta yarda a fita da tsabar kuɗi sama da yuwan 20,000 ba, kuɗin waje kuma abin da ya haura dala 5,000 sai da takardar izini, saboda haka idan surukinka ya so ya ɗaura mata kuɗin gara a ƙugu, ka roƙe shi da ladabi a bi ta banki. Ta buɗe romin a layinta kafin ta fito, kuma kada ta bari layin ya mutu ko bayan ta zo, don ta nan bankinta ke turo lambobin sirri. WhatsApp ba ya aiki a can, wayoyinsu da yawa ba su da kayan Google, don haka Hajiya ce za ta koma WeChat. Ka tanadi haƙuri da yammaci guda. Tawa Hajiyar da ta gane inda ake danna saƙon murya, sai ta shiga tura wa surukarta addu'o'i masu tsawo da Hausa, ita kuma tana mayar da amin da hoton fure, kuma har yau ban ga biyun da suka fi su fahimtar juna ba.

Yanzu Adis, inda zuciyarka za ta tsaya cak. Kada ka ce mata ta bi masu manyan riguna da hula. Masu manyan rigunan nan wasu Abuja za su, wasu Yamai, wasu Injamena, kuma dukansu za su yi mata murmushi su ce ta biyo su. Lambar jirgi za ta bi, da lambar ƙofa a allo, ta riƙa dubawa don ana canza ƙofa. Ka sa ta duba takardar da aka liƙa wa akwatunanta tun a Baiyun: Kano KAN ce, Gwanzu kuma CAN, harafi ɗaya ne tsakaninsu. Ka rubuta mata kati da Sinanci da Turanci da Hausa, sunanta, inda za ta, lambarka, lambar wani bayan kai. Idan ka san wata Hajiya 'yar kasuwa mai mutunci da za ta hau jirgin, ka haɗa su, wannan ya fi duk shawarwarin da ke sama. Ka dai tabbatar ita ma ba ta da ɗan saƙo.

Akwai maganar sutura, da gaisuwa, da yadda ake durƙusawa, da abin da za ta ce idan an ce mata ina gajiya. Bar su. Ƙannenka mata za su gama da wannan cikin mako guda, har da lalle.

Sauro ne ba za a bar wa ƙanne ba. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Sin ta rabu da zazzaɓin cizon sauro, ma'ana da wuya jikin matarka ya taɓa haɗuwa da shi. Abin da kai za ka sha magani ka fita kasuwa, ita yana iya kai ta gadon asibiti cikin kwana biyu. Ta ga likita kafin ta taso a kan maganin kariya, kai kuma ka ɗaura gidan sauro, ka gyara ragar tagogi, kuma duk ranar da jikinta ya yi zafi a yi gwaji a ranar, ba a jira gobe. Maganin da muke sha ma daga wajensu ya samo asali, Tu Youyou ce ta fitar da sinadarin daga wani ganye da suka daɗe suna amfani da shi, aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Ka faɗa wa amarya wannan, za ta ji daɗi, amma gidan sauron dai a ɗaura.

Ranar sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano, ka rage tawaga. Na san Gwaggo ta yi hayar mai guɗa, na san an yanka rago. Wadda za ta fito ta ƙofar nan ta kwana zaune, ta yi kuka a ɓoye, cikinta ba ya son komai sai kunun shinkafa da ruwan zafi. Kai da Hajiya da ƙanwa ɗaya kun isa. Tuwo da miyar kuka suna nan ba inda za su.

Kuma tun a daren farko wani kawu zai gyara zama ya ce, tun da ta zama tamu, sai a yi mata koren fasfo a huta da zaryar katin zama. Gaskiya ne tsarin mulkin Najeriya ya ba matar ɗan ƙasa damar neman zama 'yar ƙasa ta rajista. Amma Sin ba ta yarda da ƙasa biyu ba, ranar da ta karɓi namu ta saki nasu. Daga nan idan aka bugo cewa mahaifiyarta tana asibiti, sai ta nemi biza kamar ni da kai kafin ta je ta gan ta, kuma mu mun san abin da neman bizar Sin yake nufi. Ka ce masa zaryar katin zaman kai za ka yi ta, ko sau nawa ne. Kawu, don Allah a bar mata fasfonta.