Ciwon bayan da ba na noma ba ne

Mu nan Geceme ciwon baya ba ya firgita kowa. Wa ya taɓa ƙare damina bai riƙe ƙugu ba? Tsoho ya ce wayyo bayana, sai mu ce ai noma ne, Baba, ko sanyi. A tura yaro wajen mai tebur ya sayo ƙwaya, a shafa man kaɗe, gobe wanzami ya kafa ƙaho. Sau tari kuwa ya lafa.

To akwai wanda ba ya lafawa, shi ke damuna. Babbar jijiyar jinin da ta taso daga zuciya tana gangarowa cikin ciki, jingine da ƙashin baya, faɗinta kamar santimita 2. Ga dattijon da ya haura 65, balle mai shan taba ko mai tansiyo, bangonta kan yi laushi, ta kumbura kamar tsohon tiyub na keke, shekara da shekaru ba ko ciwo. Ranar da ta tsage, jini ya malala ta baya, mutum kuwa bayansa zai nuna maka, ko kwiɓi.

Janar Digol na Faransa, wanda tsofaffinmu ke tunawa tun ƙuri'ar 1958, ita ta ɗauke shi. Ran 9 ga Nuwamba 1970 yana zaune gida yana buga karta shi kaɗai, ya yi kukan bayansa, ya kife.

Wannan ciwo farat ɗaya yake zuwa. Gumi mai sanyi ya keto, jiri ya kwashi mutum, wani har ya suma. Sai ya farfaɗo ya nemi ruwa, mu ce alhamdu lillahi, mu koma kan tabarma, alhali jini na can yana zuba. Ka aza tafin hannu bisa cibiyarsa, wani sa'in za ka ji abu yana bugawa kamar zuciya ta sauko ciki.

Ko lokotoro kan ɗauke shi tsakuwar ƙoda. Eko ke nuna kumburin cikin 'yan mintoci, na'urar nan da ake duba masu juna biyu da ita, maganin kuma tiyata ce, aikin babban asibiti irin na Yamai.

Mu da hanya ta yi wa nisa, jiran wayewar gari ba namu ba ne. A bar damun fura, a nemo mota. In an isa likita a gaya wa majo shekarun mara lafiyan, tabar da yake sha, lokacin da abin ya soma, da cewa ya suma, ya auna tansiyo, ya lalubi cikin, ya rubuta takardar wucewa Dogon Dutsi ko Doso a daren.