Sanyin da Na Saya da Kuɗina

A Maraɗi, idan Afrilu ya kama, zafi kan haura digiri 40, ƙarfe kuma ba ya yafiya: abin da ya sha da rana, shi yake amayarwa da dare. Ni kuwa cikin ƙarfe nake kwana. Sana'ata sarin zogale, kuma mai son ganye mai kyau a lambunan Jiratawa dole asuba ta same shi a bakin gona. Shi ya sa na cire kujerun bayan tsohuwar Hiace ɗina na shimfiɗa katifa.

Wani ɗan gwanjo a babbar kasuwa ya nuna mini kilim mai taya, wato na'urar sanyaya ɗaki. "Alhaji, daga Faransa ta zo, sanyinta ma na can ne." Ban taɓa zuwa Makka ba, amma tunda ya ce Alhaji, ban tsaya ciniki ba.

Bai gaya mini cewa tana shan wuta wajen wat 1000 ba, batirin motata kuwa bolt 12 ne, ya kuma tsufa. Na haɗa su ta na'urar juya wuta, na kwanta. Kafin liman ya sallame isha'i komai ya mutu. Da safe yaran Jiratawa suka turo ni har bakin kwalta suna waƙa, sunana a ciki.

Sai na aro janareto. A bayan kilim ɗin akwai wata ƙatuwar mesa da aka ce a zura ta taga. Wane mai hankali zai sayi sanyi da kuɗinsa ya bar taga a buɗe? Na naɗe ta a ciki, na rufe ko'ina ruf. Fuskata ta sami sanyi, ƙafafuna suka fara gasuwa, tsakar dare na fito ina haki da ɗan kamfai, karnukan lambu suka raka ni da haushi. Da na ba bakanikena labari, ya yi dariya har da hawaye. "Maigida, kilim ba ta ƙera sanyi. Zafi take kwashewa ta zubar waje, kai kuma ka ce ta zubar maka a gado, ta ƙara da na injinta." Har yau ina ganin da an rubuta wannan a jikin kwali da Hausa, da ba a kai nan ba.

Na musanya ta da mai ruwa, wadda ake cika wa tanki, fanka ta jawo iska ta cikin jiƙaƙƙen soso. Dabarar randa ce aka sa wa filogi: ruwa na bushewa, yana tafiya da zafi. Wuta kaɗan take ci, kuma a busasshiyar iskar Afrilu ta yi aiki. Na yi barci har aka riga ni zogale.

Ƙarshen Mayu aka yi biki a gidan surukaina a Tibiri. Baƙi sun cika ɗakuna, na ce kada kowa ya damu da ni, ina da ɗaki mai sanyi. Na faɗa da ƙarfi, don a ji. A lokacin iskar damina ta fara kaɗowa daga kudu, iska ta ƙoshi da laima, ba ta da wurin karɓar wani ruwa. Ga sauro, don haka na sake rufe tagogi. Na'urar ta yi ta fesa danshi. Gilashi ya yi hazo, katifa ta jiƙe, babbar rigar shaddar da na kai wa mai bugu saboda ɗaurin aure ta yi laƙwas a jikin ƙusa.

Kakar matata ta buɗe ƙofa da fitila a hannu, tururi ya bugi fuskarta.

"Maigidana, dambu ake turarawa? Ga zogale a mota, ga ka a madambaci, saura mai da gishiri."

Matan biki suka taru suna leƙe. Ta ce ga tabarma ƙarƙashin bedi inda tsofaffi ke kwance. Na ce na gode, Kaka, ni ba na kwanan ƙasa. Na hau rufin mota da katifata, na miƙe.

Wajen ƙarfe uku na dare ruwan farko na shekara ya sauko, da iska da ƙura. An ɗaura aure da safe ina sahun baya cikin rigar aro, ina atishawa, mutanen Tibiri kuma suna yi mini barka da samun sanyi.