Wake a Gwangwani: Ire-iren 'Yan Ajin Bayoloji

A Fammar da Tarai da Durba da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Kibiya, ba a koya wa yaro yadda wake ke tsira. Tun bai iya ɗaura wando ba yake bin bayan mai sara, yana zuba iri yana rufewa da diddige. Saboda haka duk ranar da malamin bayoloji ya shigo aji huɗu na sakandare da gwangwanayen madara huɗu da auduga da ɗan wake a leda, ya ce yau za a binciko abin da iri ke bukata kafin ya tsira, dariya ce take fara tarbarsa.

Tsarin gwajin ba wuya. Gwangwani na farko a sa masa jiƙaƙƙiyar auduga a ajiye a aji, shi ne shaida, da shi za a auna sauran. Na biyu a bar audugarsa a bushe. Na uku a nutsar da waken cikin ruwan da aka tafasa ya huce, a zuba mai a sama don kada iska ta shiga. Na huɗu a kai shi sanyi, firji in akwai, in babu kular ƙanƙara. Kowanne ya bambanta da na farko da abu ɗaya tak. Malam ba wake yake son koyarwa ba, tarbiyya ce: ka lura, ka yi hasashe, ka sauya abu guda, ka maimaita, ka rubuta abin da ka gani ko da bai yi maka daɗi ba. Wannan tarbiyya kuwa ita ke tona halin kowa.

Na farkon bayyana shi ne Na-riga-na-sani. Kafin a gama jiƙa auduga ya rubuta sakamako, ya ja layi biyu a ƙasa, ya rufe littafi. Yayansa ya bar masa tsohon littafin bayoloji, ya haddace shi har da kurakuran maɗaba'a. Idan mako ya zagayo aka ga gwangwanin da littafi ya ce ba zai tsira ba ya tsira, ba ya girgiza. "Malam, waken ne ya yi kuskure."

Dalilin tsirar kuwa yana zaune a benci na biyu, cikin farin hijabi. Ita ce Uwar Tausayi. Kwana uku tana wucewa ta gaban busasshen gwangwanin nan, tana ganin 'yan'uwansa na shan ruwa shi an hana shi, har zuciyarta ta gaza. Da aka fita tara ta ɗiga masa ragowar ruwan ledarta. In malam ya tsare ta ba ta musu: "Wallahi Malam haƙƙi ne, shi ma rai gare shi." Ka yi mata bayani cewa da gangan aka hana shi, don a ga abin da rashin ruwa ke yi, ta gyaɗa kai, ta ce ta gane, gobe ta sake. Ni dai ban taɓa iya yi mata faɗa da gaske ba. Yarinyar da ba ta iya kallon ƙwayar wake cikin ƙishirwa, idan ta zama ungozoma a asibiti mata sun huta. Amma ta rusa gwaji, kuma ajin gaba ɗaya ya tafi gida da imanin cewa wake na tsira a busasshiyar auduga.

Sai Ɗan Manomi, wanda ya fi kowa wahalar da malam domin ya fi malam sanin wake. An ce a gwada ko takin zamani na ƙara tsawon masara. Shi ya ɗauki tasa tukunyar ya zuba mata takin, ya ƙara da kashin awaki daga gida, ya sauya mata ƙasa da ta bakin fadama, ya matsar da ita inda hantsi ke bugawa, ya riƙa ba ta ruwa safe da yamma. Masara ta yi tsawo har ta ba da sha'awa. Ka tambaye shi wanne ne ya yi aikin, ya dube ka da mamaki: "Malam, ba ga ta ta yi kyau ba?" Lamarinsa kamar na majinyacin da ya sha ƙwayar asibiti da jiƙon ɗan magori da rubutu a dare ɗaya ne, ya warke, masu magani uku kowa na bugun ƙirji. Abin dariyar shi ne mahaifinsa ba ya haka. In aka kawo sabon iri daga hukumar noma ta KNARDA ko daga Samaru, tsohon ba ya cika gona da shi. Kunya biyu ko uku yake warewa a gefe, kusa da irin gado, ƙasa ɗaya, ruwan sama ɗaya, noma ɗaya, ya jira kaka. Abin da masana suke yi a cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya, da gonar gwaji ta IITA a Minjibir, ke nan, sai dai su suna maimaita kunyoyin sau da yawa, suna kuma jefa ƙuri'a wajen raba su a fili, don kada iri ɗaya ya dace da wuri mai albarka a ce ƙoƙarinsa ne. Wannan dabarar ta ƙuri'a Baturen Ingila Ronald Fisher ne ya kafa ta, daga aikinsa a gonar gwaji ta Rothamsted, ya fitar da littafi a kanta a 1935. Yaron yana da rabin Fisher a gidansu, ya baro shi a gona ya shigo aji hannu rabbana.

Akwai Ɗan Kakata-ta-ce. Hujjarsa ɗaya ce, kuma kullum a gidansu ta faru. Mangwaro ne ke kawo zazzaɓi, domin ƙaninsa ya sha ya kwanta. Wake kuma shi ke haifar da ƙwaronsa da kansa: an ɗinke buhu tas babu ko ɗaya, bayan wata biyu ga su nan gari guda, to ta ina suka shiga? A nan malami mai wayo ba ya musu, labarin Francesco Redi yake ba shi. Mutanen Italiya ma sun yi imani nama ne ke haifar da tsutsa, sai a 1668 likitan nan ya sa nama a kwalabe, wasu a buɗe, wasu a rufe, wasu an yane bakinsu da yadi mai shara-shara. Tsutsa ta fito cikin naman da ƙuda ya samu sauka a kansa kaɗai. Na wake ma haka yake: tun a gona ƙwaron ke yin ƙwai a jikin kwanso, tsutsar ta huda ƙwayar ta shige, ta girma a ciki, ta fito ta bar rami. Shi ya sa buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a 2007 tare da masu bincike na Maraɗi da sauran wurare, yake aiki ba tare da magani ba: ƙwarin sun shanye iskar ciki, sun mutu. Yaron zai saurara tsaf, ya ce, "To Malam, amma dai na gidanmu waken ne ya haife su."

Ba a daɗewa a kan Ci-kayan-gwaji. An fafe doya an zuba ruwan sukari a ciki don a ga yadda ruwa ke ratsawa, an dawo babu sukarin. Gyaɗar gwajin maiƙo ta ragu da rabi. Ƙanƙarar gwangwani na huɗu kuwa, a zafin Afrilu, ba ta taɓa kai azahar ba.

Wanda ya kamata a sa wa ido shi ne Mai Gyaran Fuska. Yaro ne mai tsafta, rubutunsa ya fi na malam kyau, jadawalinsa da rula. Ya shuka goma, bakwai sun yi tsawo, uku sun tsumbure, sai ya cire ukun ya zubar bayan taga, ya rubuta bakwai. A ganinsa ba ƙarya ya yi ba, shara ya yi. Idan awo ya ba shi santimita 4, littafi kuma ya nuna ya kamata a samu 6, sai su haɗu a 5 don kada a ɓata wa kowa. Kada ya ji kunya da yawa, yana da manyan abokan zargi: Fisher ɗin nan a 1936 ya duba alƙaluman Gregor Mendel, uban ilimin gado, waɗanda aka buga a 1866, ya ce sun yi kyau fiye da yadda sa'a ke bayarwa, kuma har yau masana na jayayya a kan maganar. Sai dai wannan yaron shi ne gobe zai riƙe rajistar allurar rigakafi ko ta rabon taki, shi ya sa nake ganin gara a yafe wa mai cin gyaɗa sau goma da a yafe masa sau ɗaya.

Ustaz na ajin yana ɗaga hannu cikin ladabi. "Malam, ai Allah ne ke tsirar da shi." Babu mai ja. Allah ne, kuma Shi ya sanya sababi, mu sababin muke bi. In malam ya san Ibn al-Haisam, mutumin Basra da ya zauna a Alƙahira ya rubuta Kitabul Manazir shekara dubu da suka wuce, wanda ya gwada tafiyar haske a ɗaki mai duhu maimakon ya karɓi maganar magabatan Girka a rufe, to Ustaz ya samu gwani. Sau da yawa shi ke zama mafi amanar awo a ajin, domin yana tsoron rubuta abin da bai gani ba.

Daga can baya kuma murya ɗaya ce daga farkon zango zuwa ƙarshensa: "Malam, zai fito a WAEC?" In ka ce e, ya kwafa. In ka ce a'a, ya kwanta.

Adalci ya sa a taɓa malamai. Akwai Malam Ku-ɗauka, wanda duk gwajinsa a allo yake. Ya zana kwalba da alli, ya zana ganye, ya ce ku ɗauka an tafasa shi, ku ɗauka an ɗiga aidin, ku ɗauka ya koma shuɗi mai duhu, to wannan ya nuna akwai sitaci. Ɗalibansa sun yi shekara uku suna ɗauka, ranar firaktikal ta NECO aka ajiye musu aidin na gaske wani ya tambaya ko na ciwo ne. Uzurinsa a shirye yake: babu ɗakin gwaji, nan ba Dawakin Kudu ba ce ko Dawakin Tofa, inda gwamnatin Kano ta kafa makarantun kimiyya tun 1977. Gaskiya ne, babu madubin ganin ƙwayoyin cuta, babu sinadarai, wani ajin ma babu ƙofa. Amma gwangwanin madara a bayan teburin kowane mai shayi yake, wake kuma a Kibiya ba a rasa shi. Akwai kuma ɗan bautar ƙasa da aka turo daga Kudu, ya zo da zafinsa da takardun jami'a, yana bayani da Turanci mai gudu, yara na amsa "Yes sa" a duk inda ya numfasa. Shi ne ya jera tukwanen masara goma sha biyu a bayan aji, kowacce da lambarta, ya raba su da ƙuri'a yadda Fisher ya ce, ya auna tsawonsu ranar Juma'a. Ba wanda ya gaya masa makarantar ba ta da katanga. Ranar Litinin ya tarar akuyar maƙwabta ta yi nata gwajin, ba ta bar ko shaida ba.

Don haka roƙona ga shugabannin makarantu da ƙungiyoyin iyaye da malamai na Kibiya da sauran ƙasar Rano ƙarami ne. Kafin gwamnati ta kawo ɗakin gwaji, a ba malamin bayoloji mudun wake, da kwalbar aidin, da rula, da ɗaki ɗaya mai kwaɗo. Makullin kuma kada a ba Uwar Tausayi.