Zuwa ga Babarbaren da Zai Sauka Mini da Bas Biyu

Babarbare, bawana, saƙonka ya iso. Ka ce 'yarmu ta kammala karatu a Jami'ar Jihar Adamawa da ke nan Mubi, kuma kana tafe bikin yaye su. Madalla, Allah ya sa wa takardar albarka. Ƙwaƙwalwa dai kowa ya san a wajen uwa ta ɗauko ta, ba sai mun tsaya gardama ba. Abin da ya hana ni barci shi ne amsar da ka ba ni da na tambaye ka inda za ku sauka. Ka yi dariya, ka ce: "Ai muna da kai."

Kuna da ni? Bari in karanta maka sunayen da ka lissafo da bakinka. Akwai Hajiya babba, akwai uwargida da amarya, akwai gwaggon yarinya da inna, akwai ƙannenta har da na goye, sai abokanka na majalisa waɗanda ba su taɓa tambayar wane fanni take karanta ba amma sun ji za a yanka rago. Ka ce bas biyu za su isa "in an matsa". An ce baƙo raɓa ne, naka kuwa ya fi kama da marka. Ka zauna ka yi lissafin mai, ka yi na ɗinki, ka sayi sabuwar hular Zanna Bukar, wurin kwana kaɗai ka bar wa kunyata. Ka san Bafulatani ba ya iya buɗe baki ya ce wa baƙo babu wuri, shi ya sa na ɗauki alƙalami, don takarda ba ta jin kunya.

Ban ga laifinka sosai ba, abin gado ne. Tun 1808 da namu suka tashe ku daga Birnin Ngazargamu kuke neman masauki a makare. Shehu Laminu ya gina muku Kukawa a 1814, Rabeh ya zo a 1893 ya watsa ta, mulki ya koma Dikwa, sai a 1907 kuka samu kuka ajiye kaya a Yerwa, wato Maiduguri. Kusan shekara ɗari kuna yawo da tabarma a hammata, ba a taɓa samun mutum ɗaya a cikinku da ya ce a aika gaba a kama ɗaki ba. Na san abin da za ka rama da shi. Za ka ce Modibbo Adama, wanda jiharmu ta ci sunansa, a Barno ya yi karatu, kuma ba wanda ya karɓi kuɗin ɗaki a hannunsa. Gaskiya ne, mun gode. Amma shi kaɗai ya je, daga shi sai allonsa. Bai ɗauki 'yan majalisa ba.

Kana ganin Mubi kamar wani ƙauye ne a gindin duwatsun Mandara, inda za ka iso da magariba ka zaɓi ɗakin da ka ga dama. Ba ka san garin ba. Wannan gari shi ne hedikwatar Lardin Sardauna bayan ƙuri'ar 1961 da ta shigo da Arewacin Kamaru cikin Najeriya. Yau ƙananan hukumomi biyu ne, Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu. Ban da jami'ar jiha da aka kafa a 2002 zamanin Gwamna Boni Haruna, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, ga ta koyon aikin lafiya. Ga kuma kasuwar shanu, wadda ake koro mata dabbobi daga Kamaru da Chadi, fatake daga kudu su zo su yi lodin tireloli. Waɗannan mutane ba a kan bishiya suke kwana ba. Ko babu wani biki, ranar kasuwa masaukan garin suna da masu su, mutanen da yaron otal ya san sunansu ya san ɗakin da suke so.

To ɗora bikin yaye a kai. Jami'o'inmu sukan haɗa ɗaliban shekara biyu ko uku su yaye su rana guda, kuma kowane ɗalibi yana da irin bas ɗinka. Gwamna shi ne uban jami'ar jiha, in zai zo ba shi kaɗai zai zo ba. Akwai kwamishinoni, akwai sarakuna da fadawansu, akwai shugabannin wasu jami'o'i, 'yan jarida, jami'an tsaro, da wanda za a ba digirin girmamawa tare da 'yan rakiyarsa. Ɗakuna masu na'urar sanyaya da ruwa a famfo su ake fara kamawa, ta waya, tun kana Yerwa kana shafa turare. A Amurka ma haka abin yake. A garin Ithaca, inda Jami'ar Cornell take, iyaye kan kama ɗaki shekara guda kafin biki, ita jami'ar har ɗakunan kwanan ɗalibai take buɗe wa iyalai. Waɗannan mutane ne da otal ya yi musu yawa, balle mu.

Bari in nuna maka abin da ke jiranka in ka ƙi ji. Ƙarfe goma na dare, ka shiga masauki na huɗu, babbar rigarka ta sha ƙura. Yaron da ke bakin kanta ba zai ko miƙe ba, zai waiga ya dubi allon da ake rataye makullai, kai ma ka duba, ƙusoshi ne zalla sai guda ɗaya can ƙasa. Ɗakin nan yana manne da janareta. Fankarsa tana juyawa tana kuka ba ta ba da iska, a banɗaki akwai bokiti babu ruwa, gidan sauron kuwa sauro ne suka fi ka sanin ƙofofinsa. Kuɗinsa ya ninka na jiya. Za ka fara ciniki irin naku, kana rantsuwa kana kiran sunan Shehu, wani Bamargi da ke tsaye a bayanka zai miƙa kuɗi ta saman kafaɗarka ya karɓi makullin. Daga nan sai wayata ta yi ƙara.

Kada ka ce rowa ce. A ƙarshen Oktoban 2014, da 'yan tada ƙayar baya suka ci garin nan, mutanen Mubi suka watsu, wasu Yola, wasu Kamaru, wasu kan duwatsu, gidajen da ba su san mu ba suka buɗe mana ƙofa. Ku ma a Maiduguri kun sauki jama'ar da ta fi ƙarfin lissafi, ba ku ce wa kowa ya koma ba. Mun san yadda ake kwana mutum ashirin a ɗaki guda in larura ta kama. Naka ba larura ba ne, Alhaji. Shekara huɗu kana biyan kuɗin makaranta, ka san ranar nan tana tafe.

Abin yi ba shi da wuya, ko Babarbare zai iya. Da zarar makaranta ta sanar da rana, a ranar za ka kira. Kada ka yarda da hoton da za a turo maka ta WhatsApp, tura yarinyar ta shiga ɗakin da ƙafarta, ta murɗa famfo, ta ɗaga katifa. Ta tambaya ƙarfe nawa ake kashe janareta, ko suna da sola, ko rijiyar burtsatsensu tana aiki, da kuma inda bas zai kwana. Ka aika kafin alƙalami, a rubuta maka rasit da lambar ɗaki, ka kuma ji tun yanzu me zai faru da kuɗinka in aka ɗage bikin. Saura mako ka sake kira, domin ɗakin da aka kama da "in sha Allah" kawai yakan koma hannun wanda ya zo da kuɗi a tafi. Kwana biyu za ka kama, ba ɗaya ba. In ta Damboa da Biyu za ku biyo ku ɓullo Gombi da Hong, ga shingayen sojoji, wuni guda ne cur, kuma ba hanyar da ake bi da dare ba ce. In kuma jirgi za ka hau don mutane su gani, a Yola zai ajiye ka, da sauran kilomita wajen 200 a gabanka.

Ni ga abin da na ɗauka. Hajiya babba a gidana za ta sauka, an riga an share mata ɗakin da ya fi kusa da banɗaki, don tsohuwa ba ta kwanan otal ina raye. Matanka da gwaggo da yara su shiga cikin gida wurin 'yan'uwansu, kindirmo kuwa sai sun ture. Girki ma a nan za a yi, ragon ka kawo shi da rai, kada ka ce mini ya gaji a hanya kun yanka shi a Biyu. Kai da 'yan majalisarka ne ba ni da wurinku. Zauren nawa ɗaya ne, kuma ba zan kwana ina shaƙar turaren da ake jin ƙamshinsa tun daga Mararraba ba.

Harajin bana kwalin banda ne na Baga da turaren wuta na uwargida, kada a rage. Lambar wani mai masauki tana wurin 'yarmu. Kira shi yau, kuma ka yi masa Hausar a hankali, kada ya ɗauka faɗa kake yi ya kashe waya.