Tela da Buhun Albasa

A watan Fabrairun 2023, attajiri a Kano shi ne wanda zai sa hannu a aljihu ya zaro 'yar ɗari biyar. Babban Bankin Najeriya, ƙarƙashin Godwin Emefiele, ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka ce tsofaffin za su daina aiki ranar 31 ga Janairu, daga baya aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu. Tsofaffi sun shige banki, sababbi kuwa sai dai a ji labarinsu. Duk bankin da ke Titin Zariya layi ne tun asuba, masu POS sun zama manyan gari, tiransifa kuma sai ta kwana a hanya.

Ana cikin haka wani Alhaji mai kayan gwari a kasuwar 'Yankaba ya zo karɓar ɗinki wajen yayana, wanda ke da shagon tela a Gyadi-Gyadi. Babbar riga ce da kaftanin yara, ga biki ya matso. Ya danna waya ya danna, sabis ya ƙi.

"Malam tela, ba zan tafi da haƙƙinka ba," in ji shi. "Akwai albasa a bayan mota, buhu guda, 'yar Aliero. Ga kuma zakara, gyara ne."

Yaya ya yi lissafi a zuci, ya ga kuɗin buhun ya ɗara na ɗinkin, sai ya washe baki. Ni da na zo gaisuwa kawai, ni aka ɗora wa buhun a ka.

Ranar farko gida ya yi murna, miya ta ji albasa. Da yamma yaran shago suka miƙo hannu don kuɗin mota, Yaya ya ƙulla wa kowa rabonsa a leda. Ɗan adaidaita sahu ya leƙa ledar ƙaraminsu, ya ce, "Gaya wa maigidanka, gidan mai ba sa karɓar kayan miya." Yaron da ƙafa ya koma Unguwa Uku. Katin wuta ma ya ƙare, kuma mita ba ta san Aliero ba.

Mai shayin bakin layi ne kaɗai ya karɓe mu hannu biyu, don wainar ƙwai ba ta yi sai da albasa. Amma shi ya yanka farashi: manya shida, shayi da biredi, madara rabi. Yaya ya ce zalunci ne. Mai shayi ya ce to a kawo kuɗi. Aka sha shayi.

Muka ɗauki rabin buhu zuwa kasuwar Tarauni neman shinkafa. Mai shinkafa ya nuna mana tulin albasar maƙwabcinsa, ya tuna mana cewa lokacinta ne, ta rani ta fara shigowa, farashi kullum ƙasa yake yi. Ya taya ta da mudun da bai kai tuwon dare biyu ba. Nan Yaya ya gane abin da Alhaji ya riga shi sani: wanda ya biya da kaya ya sauke asararsa ne a kan wanda ya karɓa.

Ba wai musaya baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Bafulatana ta daɗe tana ba da nono ta karɓi gero, wanzamin ƙauye kan yi aski shekara guda a kai masa dami da kaka. Sai dai gero yana shekara a rumbu, kuma kowa na buƙatarsa. Birni kuwa tun tuni da kuɗi yake ciniki. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, wuri ya tarar ana ƙirgawa a kasuwa. Dokar ƙwadago ta Najeriya ma, a sashenta na farko, ta ce a biya ma'aikaci ladansa da kuɗin ƙasa. Da yaran shago sun san da ita, da Yaya ya ji a jikinsa.

Ragowar buhun ta zauna a lungun shago ta fara tsiro. Wata Hajiya ta zo karɓar leshin amarya, ta shinshina, ta dubi Yaya sama da ƙasa.

"Malam, ɗinki na kawo ko girki?"

Turaren wutar da aka saya don a wanke wannan kunya ya cinye ribar da Yaya ya lissafa tun farko. Zakara, wanda aka ɗaure a ƙafar keken ɗinki, ya yi kashi a kan shaddar wani ango, don haka ya riga albasar shiga tukunya.

Ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin takardu har ƙarshen shekara, kuɗi suka soma dawowa hannun mutane. Cikin azumi Alhaji ya sake zuwa da yadin Sallah, motarsa cike da kwandunan tumatir. Yaya ya gaishe shi da ladabi, ya auna shi, sannan ya karɓi kuɗinsa cif, tsaba, kafin ya taɓa almakashi.