Mutane Bakwai da Za Ka Tarar a Shagon Kwamfuta

Wanda duk ya taɓa zama a bencin shagon kwamfuta a Farm Centre ko titin Beirut a Kano ya san cewa kallon masu saye ya fi kallon kayan daɗi. Tambaya ɗaya ce ke raba gardama a wannan ciniki: wane aiki za ka yi da ita? Ga jerin waɗanda ke kauce wa amsa ta.

Alhaji Kawo-Mai-Tsada. Ba ruwansa da girman RAM ko faɗin ma'adana. "Yaro, wacce ta fi tsada?" A miƙo masa MacBook, ya biya ba tayi. Sai an isa gida a tarar manhajar da akawunsa ke lissafi da ita ta Windows ce, ba ta hawa macOS. Yanzu tana falo an lulluɓe ta da leshi, sai baƙi sun zo a buɗe a nuna musu hotunan Umara.

Mai bin sitika. Kalma ɗaya ya haddace: Core i7. Bai san Intel ta fara fitar da i7 tun 2008 ba, kuma tun daga lokacin zubi-zubi take fitowa, har i3 ta yanzu kan tsere wa i7 ta shekara goma baya. Mai shago ya ce, "Yallaɓai, i7 ce fa," shi ke nan ya zaro kuɗi. Ya tafi da RAM 4GB da tsohon faifai mai juyawa. In ya kunna ta, sai ya yi alwala ya dawo kafin ta gama farkawa. Da ya nemi 8GB da SSD, da ya huta.

Ɗan gwanjo. Gwanjo ba laifi ba ne, tsofaffin ThinkPad da Latitude da ofisoshin Turai suka sallama suna da ƙarko. Matsalar mutuminmu saurin yarda. "Wata Baturiya ce ta riƙe ta, tsohuwa, wasiƙa kawai take rubutawa." Da alama wannan tsohuwa ta riƙe rabin kwamfutocin kasuwar. Bai ce a zare caja ya ga ƙarfin batir ba, bai kuma tambaya ko za ta ɗauki Windows 11 ba, alhali Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, sabuwar kuwa sai inji mai TPM 2.0. Ya sayi tafi-da-gidanka, amma ba ta iya yin nisa da soket.

Mai wa'azin Linux. Shi bai zo saye ba, ya zo shiryar da al'umma. Zai ba ka tarihin Linus Torvalds da yadda ya fara aikin a Finland a 1991, ya ce Ubuntu kyauta ce, LibreOffice kyauta ce, tsohon inji ma farfaɗowa yake yi. Duk gaskiya ya faɗa. Abin da ya tsallake shi ne ranar da za ka kai takarda shagon bugawa, a buɗe ta da Word, jadawalin shafi na uku ya yi hijira zuwa na biyar. In ka koma da ƙorafi, ya ce ai da ka mayar da ita PDF. Nan ma gaskiya ya faɗa, sai dai a makare.

Mai firinta arha. Ya ga firinta mai launi da araha, ya ɗauka ya yi wa kamfani wayo. Ashe ribar kamfani a tawada take: in ya canza kwalin tawada sau biyu ko uku, ya biya kuɗin wata firintar. Ga shi ba ya bugawa sai sau ɗaya a wata, tawadar ta bushe ta toshe bakin feshi. Mai buga rubutu zalla, firintar leza mai garin tawada ce daidai da shi. Yanzu mutuminmu yana da firinta a gida, yana kuma bin layi a shagon bugawa.

Wanda ya manta da NEPA. Ya sayi kwamfutar tebur da katafaren allo da lasifika huɗu, har da linzami mai walƙiya. Da aka ambaci UPS, na'urar da ke riƙe wuta in an ɗauke, ya ce ɓarnar kuɗi ce. Yana shafi na 20 na rubutunsa aka ɗauke wuta, bai adana ko layi ɗaya ba. Maƙwabta sun ji salatinsa.

Injiniyan gida. Kowane dangi na da shi, galibi ɗan yaya ne da ya taɓa rubuta JAMB a kwamfuta. Maganinsa ɗaya ga kowace cuta: a goge komai a sake lodi. Shi ke cewa mai shago, "Oga, zuba mata komai da komai," a cika ta da Office na sata, da CorelDRAW da AutoCAD, da manhajar rigakafi uku masu faɗa da juna. Kawu kuwa ƙ da ɗ da ɓ kawai yake so ya rubuta, kuma tsarin madannan Hausa yana nan cikin Windows, kunnawa kawai ake yi.

Akwai ta takwas, amma ba a cika ganinta ba, don ba ta daɗewa a shago. Malamar makaranta ce. Takan ce, "Sakamakon ɗalibai zan shigar a Excel, in buga jarrabawa. Unguwarmu ba wuta, ina son batir mai jurewa. Ga abin da ke hannuna." Ta sa a zare caja, ta danna kowane madanni, ta karɓi rasit da sharaɗin mayarwa in an ga matsala. Masu shago ba sa murnar ganinta, amma in za su saya wa 'ya'yansu, irin tata suke ɗauka.